A gyara hanyar ruwa kafin a kawo mana dashe

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wani tsohon ramin haƙar tsakuwa ne da ke kusa da ƙauyenmu a nan Adar. Kamfanin da ya ci amfaninsa ya gama aiki, ya turo katafila ta yi kwana biyu tana tura ƙasa, aka jera dashe, aka ɗauki hotuna, aka ce an farfaɗo da wurin. Babban ruwan farko na damana ya sauka, tulin ƙasar ya tsage gida uku, jan taɓo ya gangara ya binne geron ƙanin mahaifina da bai wuce sati biyu da tsirowa ba. Rabin dashen kuwa a cikin gonarsa muka tsince su.

Na gaji da wannan tunani da ya kafu a ofisoshi, wai gyaran wurin haƙar ma'adinai shi ne cike rami da dasa itace. Duk 3 ga Agusta muna fita dashe, al'ada ce mai kyau, amma ta sa wasu sun ɗauka ganye kawai ake nema. Itace ba ya riƙe ƙasa sai ya shekara uku ko huɗu. Kafin nan wa zai riƙe ta?

Mu yi lissafi. Ruwan milimita 50, wanda mutanen Tahoua suka san yana iya zuba cikin sa'a ɗaya ko biyu a watan Agusta, in ya sauka a hekta ɗaya ya kai lita 500,000, wato tano 2,500. A gonar da ke da ciyawa da karare, ƙasa na shan kaso mai yawa. A wurin da manyan motoci suka shekara suna takawa har ya zama fako, kusan duka gudu yake yi. In ya tarar da tulin ƙasa mai tsayi, sako-sako, marar saiwa ko ɗaya, sai ya yanka ta kamar wuƙa. Yashin ya zube a gonakin gindin tudu, lakar ta wuce korama, ta je ta kwanta a fadama da tabki da bayan baraji. Masu lambun albasa a kwarin Maggiya ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da yashi ke yi wa ƙasar noma da rijiyoyi.

Masu cewa ƙasarmu ta hamada ce, ruwa kaɗan ne, don haka wannan damuwar ƙasashen kurmi ce, ba su taɓa tsayawa bakin korama bayan hadari ba. Ambaliyar 2024 ta isa amsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ilimin nan a gidanmu yake. Tun 1984 aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, mata da maza suka ɗauki dutse a ka, suka jera gandari, suka haƙa ramuka a jikin tuddai, suka datse koramu da duwatsu cikin ragar waya. Manoman Badagishiri da Illela sun mayar da fako gona ta hanyar tassa da rabin wata, wato ƙananan ramukan shuka da ramuka masu siffar rabin wata da ke tare ruwa. Dukkansu darasi ɗaya suka koya mana: ruwa daga sama ake fara tare shi, a rage masa gudu mataki-mataki, kafin a yi zancen shuka. Tsohuwar da ta yi aikin gandari ta san haka. Ta yaya kamfani mai injiniyoyi da katafila zai ce bai sani ba? Ya sani sarai. Magudanar ruwa ce ba ta fitowa da kyau a hoto, kuma ta fi buhun dashe tsada.

Ba wani abin al'ajabi ake nema ba. A haƙa kwalbati ko lambatu a saman wurin don ruwan tudu ya kewaye shi, kada ya ratsa ta cikin ƙasar da aka tono. A kwantar da gangaren tulin, a yi masa matakai. Hanyar da ruwa zai bi a shimfiɗa mata dutse. A can gindi a yi ɗan tafki inda ruwa zai tsaya laka ta kwanta kafin ya fita, a riƙa kwashe ta. Ƙasar sama mai taki, wadda ya kamata a ware tun ranar da aka fara haƙa, a mayar da ita a rufe da kara. Sannan a kawo dashen.

In kuwa ramin tsakuwa na iya yin wannan ɓarna, a tuna da wuraren da ƙasarsu ke ɗauke da guba. Kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akouta, kusa da Arlit, ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin dusar yuraniyom da ta kai tan miliyan 20. Murfin ƙasa da dutsen da za a ɗora mata, ingancinsa yana ga yadda zai jure ruwa da iska shekara da shekaru. A yamma kuma, wuraren haƙar zinariya irin su Komabangou da Samira suna yankin da ruwansa ke gangarowa zuwa kogin Neja, kuma masu haƙa da hannu suna wanke zinariya da sinadarai masu kisa. Mutanen Yamai suna ganin kogin ya rine ja duk damana, ga tsibiran yashi suna ƙaruwa a tsakiyarsa. Ba ma'adinai kaɗai suka jawo haka ba, amma duk ramin da aka bari ba gyara yana ƙara nasa kaso.

Wasu za su ce ƙananan masu haƙa ba su da kuɗin wannan aiki. Wanda ya iya hayar kamiyo ya kwashi arziƙin wuri zai iya hayarta ta kawo dutse.

Abin da nake roƙon ma'aikatar ma'adinai da magadan gari shi ne su daina karɓar aikin gyara a lokacin rani. A riƙe kuɗin ajiyar kamfani har wurin ya ga damana uku. Mai duba aikin ya zo washegarin babban ruwa, ya sauka gindin tudu, ya dubi launin ruwan da ke fita, ya tambayi mai gonar da ke ƙasa. Ƙanin mahaifina ya sake shuka a makare, kuma har yau ba wanda ya zo ya auna yashin da ke cikin gonarsa.