Ƙanƙarar watan Yuli a Lesotho, da Dalar da muka bari

Wani ɗan uwanmu ya tura bidiyo a zauren WhatsApp na gida: yara suna zamiya a kan dusar ƙanƙara, a ƙasa an rubuta Lesotho, watan Yuli. Kawunmu na Fagge ya aiko da saƙon murya, ya ce haɗin kwamfuta ne, don shi ƙanƙarar da ya sani a Afirka ita ce ta leda da ake rububi da azumi. Aka yi ta dariya. Ni da ke zaune a Johannesburg, tafiyar kusan awa biyar a mota daga wurin, abin ya tsaya min a rai.

Kawu, Allah ya ƙara girma, ba haɗi ba ne. Lokacin da Turai ke fama da zafi, mu a Kano muna cikin damina, kudancin duniya hunturu yake ciki. Daga Yuni zuwa Satumba masu wannan wasa na zamiya a kan dusar ƙanƙara sukan nufi Valle Nevado da Portillo a Chile, ko Cerro Catedral kusa da Bariloche a Ajantina, ko duwatsun Queenstown a New Zealand. Portillo har gasar duniya ta karɓa a 1966. Wurin zamiya na kusa da mu shi ne Afriski a duwatsun Maloti na Lesotho, sama da mita 3,000 daga doron teku, kuma kakarsa gajera ce, Yuni zuwa Agusta. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, ita kuwa Lesotho ko kwarinta mafi zurfi ya kai mita 1,400.

Ga abin da ya fi burge ni. Hunturun Lesotho busasshe ne kamar namu, dusar da ke sauka daga sama ba abin dogaro ba ce. Don haka yin ta suke. Da dare, idan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri da digiri biyu ko fiye, sai a kunna injuna masu fesa ruwa da iska mai ƙarfi, ɗigon ya daskare kafin ya taɓa ƙasa, da asuba mota mai sarƙa ta baje shi. Babban gangaren bai wuce kilomita ɗaya ba. Daga nesa farin zane ne guda shimfiɗe a kan dutse mai ƙonanniyar ciyawa, gefe makiyaya sun lulluɓa da bargo suna kora tumaki. A kan wannan ɗan zanen mutane ke tsallaka iyaka su biya kuɗin kwana, da na hayar kaya, da na malami.

Wanda zai zo daga Kano, ya fara da biza. Afirka ta Kudu ce ta kewaye Lesotho, kana shiga ka fita daga ƙasarsu, saboda haka bizarsu ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya, ita ma Lesotho a nemi tata tun daga gida. Ana bi ta iyakar Caledonspoort kusa da Fouriesburg, a wuce Butha-Buthe, a hau Moteng, hanyar da ta ratsa saman dutse. Wajen saukowa a sa mota a ƙaramar giya. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙauri, daga nan birkin ya daina kamawa. A duba ruwan lagireto yana da maganin hana daskarewa, kada kuma a kama hanya da duku-duku, don kwalta takan yi siririyar ƙanƙara da ido ba ya gani. Rand na Afirka ta Kudu na yawo a can, darajarsa ɗaya da loti, kuɗin Lesotho.

Tufafi hawa uku ake sawa: na jiki mai tsotse gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai hana ruwa da iska. Auduga ita ce abokiyar gaba, tana jiƙa ta ƙi bushewa, shadda kuwa a bar ta a jaka. Safa ɗaya mai tsawo ta isa. Masu ninka biyu su ne ke dawowa da yatsu a sandare, saboda takalmin ya matse jini. A wurin haya za a tambayi nauyinka da tsawonka da ƙwarewarka, da su ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a jikin katakon zamiya. Wanda ya yi ƙaryar gwaninta, maƙalin ba zai sake shi ba idan ya faɗi, jijiyar gwiwa ce za ta biya. Darasin farko: a haɗa bakin katakan gaba, a buɗe bayansu, haka ake rage gudu. In za ka faɗi, ka faɗi ta gefe, kada ka tokare da hannu. Tabarau da man kariya daga rana dole ne, ko da baƙar fata, don dusar tana mayar da hasken cikin ido.

Magana mafi nauyi ita ce tsawo. Daga mita 2,500 iska ta fara ƙaranci, ciwon kai da tashin zuciya kan biyo baya, shi ya sa kwana ɗaya a Clarens, wani gari na Afirka ta Kudu kusa da iyaka, kafin a hau yake da amfani. Mai sikila kada ya kusanci wurin, mai AS ma ya ga likita tukuna, domin ƙarancin iska kan taɓa saifa. Nama kuwa a sayo na halal daga unguwar Fordsburg a Johannesburg.

Na san abin da za a ce: mu ba mu da ƙanƙara. Gaskiya ne, kuma ba na cewa komai nasu daidai yake, talauci a Lesotho ba ɓoyayye ba ne. Amma su da ba su da isasshiyar dusa sun ƙera ta. Mu muna da Dala, dutsen Barbushe da Tsumburbura, gidaje sun hau jikinsa, zaizaya na cin sa. Muna da Goron Dutse, da duwatsun Rurum da mahaya dutse za su yi wa rububi da a wata ƙasa suke, da tsaunukan Riruwai, da Tiga da Audu Bako ya gina tun 1974. Wa zai ba ka hayar igiya ko kwalekwale mai rigar ruwa? Wa ya sa alamar hanya, wa ke shara? Sai mu kwashi iyali mu tafi Dubai, mu biya kuɗi mu shiga Ski Dubai, wato firij a cikin kanti, mu dawo da hotuna.

Duk da haka, in wani ɗan nan kudancin Afirka ya buɗe baki zai raina Kano, ba na bari ya ƙarasa. Agustansu leɓe ne a tsage, da hayaƙin gawayi, da rana da ke faɗuwa kafin ƙarfe shida. Namu marka ce. Gero ya fitar da kai a hanyar Rano, mai gasa masara tana fifita wuta a bakin Ƙofar Nassarawa, yara na tallan dafaffiyar gyaɗa, daga saman Dala gari ya yi kore har inda ido ya tsaya. Na tura wa Kawu hoton injin fesa dusar. Ya saurari bayanina duka, sannan ya tambaye ni ko bana zan zo kafin a yi girbi.