Barkwancin Technoblade ba alamar samun sauƙi ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka tunda Technoblade, shahararren Ba'amurke mai buga wasan kwamfuta na Minecraft, bai fasa barkwanci a YouTube ba bayan ya sanar da rashin lafiyarsa a Agustan 2021, to jikin da sauƙi. Ina! Cutar daji ce da ake kira sarcoma, mai kama ƙashi ko tsoka, kuma ciwon hannun dama ne ya fara kai shi asibiti. Magani yana galabaitar da shi, ga tiyata, amma yana zolayar kansa, yana tara wa masu binciken cutar kuɗi. Abin da ya fi burge ni ke nan. Ya rasu a Yunin 2022 yana da shekara 23, mahaifinsa ne ya karanta saƙon bankwanarsa.