Akwatin Gilashi da Tsiren Ƙanin Matata

Kowa ya san irin tarin kuɗin da na yi kafin na haɗa kwamfutar wasan nan, don haka ba sai na maimaita ba. Da aka zo kan akwatin da za a jera kayan a ciki, mai shago ya ɗora mini guda biyu a kan kanta. Ɗaya gabansa raga ce da manyan fankoki masu faɗin milimita 140, ɗayan kuma gilashi ne gaba da gefe, da fitilu masu sauya launi. Ya yi mini bayani cewa ta gaba iska take shiga, ta ratsa katin hoto mai sarrafa hotunan wasa da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sannan ta fita ta baya da sama, kuma a zafin Kano na watan Afrilu mai ragar ya fi dacewa. Na dubi mai ragar na ga kamar kejin kaji, na zaro kuɗi na biya na mai gilashi, wanda ma ya fi tsada.

Ranar Asabar na tara mutanenmu a falo domin wasan ƙwallo. Da farko yabo kawai nake sha, har aka kashe fitilar ɗaki don a ga launuka da kyau. Can sai fankoki suka fara gunji, hoto ya fara tsayawa yana tafiya, kuma daidai lokacin da ɗan wasana ya fuskanci gola shi kaɗai, komai ya daskare. Kafin hoton ya dawo an riga an zura mini ƙwallo. Na ce ƙarancin wuta ne, alhali a kan sola muke.

Sai ɗan yayata, yaron da bai gama ƙaramar sakandare ba, ya nemi izini ya buɗe manhajar auna zafi. Firosesa tana kan digiri 95, inda take rage gudunta da kanta don kada ta lalace. Yaron ya yagi tishu ya kara a ɗan siririn tsagin da ke gefen gilashin gaba, da ƙyar tishun ya motsa. Ya zagaya ya kara a fankar baya, wadda aikinta fitar da zafi ne, sai ta zuƙe tishun ya manne a jikinta. Cikin ladabi, wanda shi ya fi ƙona mini rai, ya ce, "Kawu, wane ne ya ɗaura wannan fankar?" Na ce haka ta zo daga kamfani. Falon ya yi tsit, domin babu wanda bai ga hoton da na saka a WhatsApp ba, riƙe da sukundireba, na rubuta "Injiniya" a ƙasa. Yaron bai tsaya nan ba, sai da ya haska fitilar waya ya nuna wa kowa kibiyar da ke gefen fankar mai nuna inda iska take bi, ya kuma ƙara da cewa iska tana fita ne ta ɓangaren da ke da sanduna, yana faɗa a hankali yadda ni ma zan gane.

Amma ni a ganina babban mai laifi shi ne ƙanin matata. Tunda gaba ya toshe, baya kuma yana zuƙowa, ramukan saman akwatin ne kaɗai suka rage wa zafi, kuma a nan bawan Allahn nan ya ɗora ƙunshin tsirensa a cikin jarida tun shigowarsa. Da aka ɗaga, mai ya jiƙe jaridar, yaji ya zuba ta ramukan. Ko a jikinsa, cewa ya yi, "Yaya, don kada ya huce ne, kuma wallahi bai huce ba." Wannan mutumin ne fa ya ari cajata tun azumi bai dawo da ita ba, kuma shi ne yanzu yake yawo yana cewa tun farko ya ba ni shawarar mai raga, alhali ranar da na saya yana Zariya. Tsiren ma ko tsinke ɗaya bai miƙo mini ba.

Yanzu dai an juya fankar, an cire gilashin gefe an jingine shi a bayan kujera, an kuma kafa wa kwamfutar fankar tsaye ta uwargida, wadda take zuwa ta ɗauke abinta da zarar an yi sallar isha'i. Yaron ya ce idan hunturu ya shigo ƙura za ta cika ciki tunda a buɗe take. Har yau idan ta ɗauki zafi ƙamshin ƙuli-ƙuli take yi.