A bar Sherlock Holmes da abokin hayarsa su sarara

Tun da haƙƙin mallakar sauran labaran Sherlock Holmes, ƙagaggen jami'in binciken nan, ya ƙare a Amurka a Janairun 2023, kowa ya samu lasisin juya mutumin nan yadda ya ga dama, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne tsohuwar gardamar nan da ta ƙi mutuwa, wai shi da Dakta Watson ba abota ce kawai tsakaninsu ba, wai masoya ne, marubucin labaran Conan Doyle ne ya ɓoye. Masu kallon fim ɗin BBC da Benedict Cumberbatch ya fito a matsayin Holmes har suna suka raɗa wa abin, Johnlock, suka yi ta jira daga 2010 har 2017 a nuna musu, ba a nuna ba, suka hau fushi da masu shirin.

To wai mece ce hujjar? Gida ɗaya suke zaune. Shi ke nan fa. Alhali duk wanda ya buɗe littafin farko na 1887 ya san Watson daga yaƙin Afganistan ya dawo da rauni, aljihu ba nauyi, yana neman ɗaki mai araha a Landan, wani tsohon abokin aikinsa ya haɗa shi da Holmes su raba kuɗin haya a 221B Baker Street. Talauci ne ya haɗa su, jama'a! In zaman ɗaki ɗaya hujja ne, to samarinmu da suke kwana shago ɗaya su biyar, suna cin tuwo kwano ɗaya, su fita riƙe da hannun juna, sai a ce me? Mu mun san aminci. Amini ya san sirrinka, ya ci bashi dominka, ya tsaya maka ranar aure. Su ne dai abin ya zama musu baƙo, da sun ga namiji ya damu da namiji sai su fara ƙifta ido.

Sai su kawo maka wurin da aka harbi Watson a wani labari na 1924, Holmes ya ruɗe yana tambayarsa ko ya ji ciwo. Haba. Abokinka na shekara da shekaru an ɗirka masa harsashi a ƙafa, so ake ka tsaya kana cika lofe da taba?

Hujjarsu mai ɗan nauyi ɗaya ce, kuma ban raina ta ba. Dokar Ingila ta 1885 ta haramta neman jinsi tsakanin maza, da ita aka ɗaure marubuci Oscar Wilde a 1895, kuma Doyle ya san Wilde, sun ci abinci tebur ɗaya a otal ɗin Langham a 1889. Saboda haka wai ko yana nufin haka ba zai iya rubutawa ba. Na ji. Amma wannan irin lissafin ba ya faɗuwa, in an rubuta ka ce ga shi, in ba a rubuta ba ka ce tsoro ne. Holmes ɗin da kansa da korar mutum zai yi in ya zo masa da wannan, mutumin da kullum faɗansa kar a gina zance kafin a samu shaida. Kuma Watson ya auri Mary Morstan ya tattara kayansa ya bar gidan, wannan ma sai a ce basaja ce.

Masu cewa a'a Irene Adler Holmes yake so, su ma jirgi ɗaya ya kwaso su, matar ta yi masa wayo ne a wani labari na 1891 ya girmama ta, ta auri wani ta tafi abinta.

Gaskiyar da ba a so a ji ita ce Doyle bai gina Holmes don ya so kowa ba. Malaminsa na likitanci a Edinbura, Joseph Bell, ya kalla, mutumin da zai dubi majinyaci ya gaya masa sana'arsa kafin ya buɗe baki, ya ɗauki wannan ƙwaƙwalwar ya sa mata goge da allurar hodar iblis. Holmes ya faɗa da bakinsa ba zai yi aure ba don kar so ya gurɓata masa tunani. Sau ɗaya da ya yi baiko, da wata 'yar aikin gida ce, ya yi shigar mai gyaran famfo don ya tatsi labarin maigidanta, ya samu abin da yake nema ya ɓace. Wannan ne za a ce yana da wani ɓoyayyen so? Shi Doyle ma gajiya ya yi da shi ya kashe shi ta hanyar jefa shi a ruwan Reichenbach a 1893, sai da masu karatu suka matsa ya dawo da shi.

Mai son jami'in bincike irin wanda yake so ya zauna ya ƙirƙiri nasa, ya ba shi suna, takarda ba ta ƙare ba. Amma a daina laƙaba wa Doyle, mutumin da ya mutu tun 1930, abin da bai rubuta ba, ana cewa wai an gano sirrinsa.