Yanka ɗaya ba ya haɗa katako biyu masu lanƙwasa

Yana damuna yadda kafintoci da dama suka yarda cewa idan aka tsaga katako da injin rauta, wato injin da bakinsa ke juyawa yana cin katako, a kan layi mai lanƙwasa, ɓangarorin biyu za su haɗu cif. Tunanin yana da dalili, domin a miƙaƙƙen layi haka abin yake.

A lanƙwasa kuwa, kaurin bakin injin yana sauya lissafi. A ce an ɗaure rauta a kan sanda mai juyawa a kan ƙusa, bakinsa kuma milimita 6 ne. Idan gefen katakon ciki, wato na ɓangaren ƙusar, ya tsaya a milimita 300 daga ƙusar, na waje zai tsaya a 306, saboda tsakaninsu ya zama gari. Da an matsa su, sai tsakiya ta taɓa, gefuna biyu su buɗe, kuma gam ba ya riƙe irin wannan giɓi da ƙarfi.

Gyaran shi ne a yanka kowane ɓangare daban, a rage tsawon sandar da milimita 6 kafin yankan na waje, sannan a gwada a kan guntun katako tukuna.