Ƙarin mahaifa a huhu: mun gani a gidanmu

Labarin nan da kuka kawo, cewa ƙarin mahaifa wanda ba daji ba yana iya bin jini ya yi ƙwayoyi a huhu, ya taɓa ni ƙwarai. Yayata ce a Tudun Wada. Shekara tara bayan an cire mata mahaifa, tari ya kama ta, hoton ƙirji ya nuna ɗigo-ɗigo. Wani asibiti ya ce tarin fuka ne, ta sha magani wata shida a banza, wallahi har an ware mata kwano da kofi. Sai da aka ɗebi tsokar aka auna a asibitin Shika, aka ga irin naman mahaifa ne. Sinadarin estrojin na jikin mata ke ciyar da shi, shi ya sa da aka ba ta allurar rage sinadarin ya lafa, kuma sau da yawa yakan motse idan mace ta daina al'ada.

Ba kasafai yake faruwa ba, kada hankalin mata ya tashi. Amma duk wadda aka taɓa yi wa aikin mahaifa, ta faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Yayata kunya ce ta hana ta.