Karambanin Baƙo a Filin Futi

Bakina ne ya ja mini. Wata Juma'a da yamma, wata huɗu da zuwana birnin Melbon na ƙasar Ostireliya karatu, ina tsaye a bakin shinge muna hira da maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga tuƙin taragon nan da ke ratsa titunan garin. Baba nake ce masa, kuma tunda na gaya masa ma'anar kalmar yake washe baki duk sanda na kira shi. Sai ya tambaye ni wace ƙungiya nake goyon baya. A Melbon wannan tambayar kamar "ina gajiya" ce a wajenmu, ba a gama gaisuwa sai an yi ta. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce ai ƙwallo a jinina take. Shekara goma sha biyar ina zaman gidan kallo a Kano, in aka tashi wasa har jira ake in faɗi wanda ya fi kowa taka leda kafin a watse.

Baba ya tafa hannu. "Faɗuwa ta zo daidai da zama, aboki. Mai rubuta mana maki matarsa ta haihu, gobe ba zai zo ba. Kai za ka riƙe takardar."

Na ce ba komai, ƙaramin aiki ne. Kalma ɗaya muke furtawa ni da shi, ashe wasa biyu muke nufi: ni ƙwallon ƙafar da muka sani, shi kuwa futi, irin ƙwallon 'yan Ostireliya.

Washegari muka isa filin wajen sha ɗaya da rabi. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturunsu, ga yayyafi ga iska mai shiga ƙashi. 'Yan sahu na biyu ne za su fara da sha biyu, manyan kuma sai ƙarfe biyu. Sahu na biyun nan tarkace ne: samarin da ke neman a ɗauke su zuwa sama, waɗanda suka dawo daga jinya, da magidanta masu tumbi da suka ƙi yarda shekaru sun ja. Tun daga bakin ƙofa jikina ya ba ni akwai matsala. Filin ba shi da kusurwa ko ɗaya, zagaye yake kamar faifai da aka ɗan ja, wai da rani kurket ake bugawa a cikinsa. Na nemi raga na rasa. A kowane ƙarshe sanduna huɗu ne a tsaye, biyu dogaye a tsakiya, biyu gajeru a gefe, ba sandar sama, ba gola. Na ƙirga 'yan wasa na samu goma sha takwas a kowane ɓangare, na sake ƙirgawa don na ɗauka sanyi ne ya taɓa mini ido. Duk suna sanye da 'yar shara da wani ɗan gajeren wando wanda in ka fita da shi a unguwarmu sai an kira maka mai unguwa. Ƙwallon kuma ja ce, doguwa kamar gwanda.

Baba ya miƙo mini takarda a kan ɗan katako da biro. Layi uku ne: maki uku ga wanda ya fi kowa, biyu ga na biye, ɗaya ga na uku, sai fili a ƙasa na sharhi. Ya ce haka ake yi har a babbar gasar AFL, inda alƙalan wasa ke ba da uku, biyu, ɗaya bayan kowane wasa, a tara a ba gwarzon shekara lambar Brownlow, wadda ake bayarwa tun 1924. Su ma a nan tarawa suke yi har ƙarshen kaka, kuma kociyan manya yana leƙa takardar in zai zaɓi wanda za a ɗaga. A nan ya kamata in ce, Baba ka yi haƙuri, ni futi ko a talabijin ban taɓa zama na kalla ba. Amma mutumin da ya cika baki jiya ina ya ga bakin janyewa yau? Na karɓi biro na ce Bismillah.

Jiniya ta yi ƙara, alƙali ya cilla ƙwallo sama, wasu zaratan dogaye biyu suka yi tsalle suka kai mata mari. Wani ya cafe ta da hannu biyu ya ruga. Ban san sanda na daka tsawa ba: "Hannu! Alƙali, hannu!" Wata tsohuwa da ke gefena riƙe da kare ta juyo ta dube ni, karen ma ya dube ni. Na yi kamar tari ne ya sarƙe ni.

Daga nan na kama bakina na buɗe ido. Abin da na gani haɗin gambiza ne na langa da kokawa da dambe. Mutum na gudu da ƙwallo sai ya buga ta da ƙasa ta dawo hannunsa ya ci gaba. In zai ba ɗan'uwansa, sai ya ɗora ta a tafin hannu ya nausa da ɗayan kamar mai jin haushinta. A kama mutum a maka shi da ƙasa, 'yan kallo su yi ihu, alƙali ya busa, sai kuma in ga wanda aka kayar ɗin aka hukunta. Satar gida kuwa ba wanda ya san da ita. In ƙwallo ta fita, wani alƙalin gefe zai ɗauka ya juya wa fili baya ya wurga ta ta saman kansa, kamar wanda boka ya ba laya ya ce jefar kada ka waiwaya.

Abu ɗaya na ce na gane. A bayan sandunan akwai wani mai farin kwat kamar likita. Duk sanda ƙwallo ta wuce, zai ƙame ya nuna yatsa, sannan ya kaɗa farar tuta. Na ce to wannan shi ne ci. Na ja layi a bayan takarda, namu a dama nasu a hagu, ina kafta ɗaya duk sanda tuta ta tashi. Na lura wani lokaci yatsa biyu yake nunawa da tuta biyu, motocin da ke kewaye da fili su dinga danna ham, wani lokaci kuma yatsa ɗaya da tuta ɗaya, a ji tsit. Na ce wataƙila hannunsa ne ke gajiya.

Sai na shiga aikin sharhi gadan-gadan, irin na gidan kallo. Akwai mai lamba 30, dogo kamar rimi. Duk sanda aka cilla ƙwallo sama shi ke fara taɓa ta, amma ko sau ɗaya bai riƙe ba, sai ya doke ta gefe wani ya ɗauka. Na rubuta: "Lamba 30, tsawon banza. Ba ya kamawa, sai mari." Akwai mai lamba 7, wani siririn yaro mai jan gashi. Ana cikin kashi na uku cikin huɗu na wasan aka ɗago wata ƙwallo sama, yaron nan ya taho da gudu ya dasa gwiwa a kafaɗar wani ƙato da ya kusa haifarsa, ya haye wuyansa, ya cafe ƙwallon a sama, suka zube tare. Filin ya kaure da ihu, tsohuwar nan har da sakin igiyar kare. Na ce ai dole jama'a su fusata. Abin mamaki alƙali shi ya ba bugun. Na danna biro da ƙarfi na rubuta: "Lamba 7, ba tarbiyya. Ya hau wuyan babba. A ja masa kunne."

Wanda ya burge ni na farko mai lamba 11 ne, don sau bakwai ana ɗaga masa tuta. Sai wani mai lamba 15 da ke tare duk abin da ya nufo shi. Zuwa lokacin taɓo ya rine kowa, rigar shuɗi da ta baƙi sun zama ɗaya, lamba kawai ake iya gani.

Amma gwarzona daban ne. Wani mutum ne mai furfura, sanye da riga ruwan hoda mai ƙyalli. Ba shi da lamba, sai wata kalma a bayansa da ke nufin mai gudu, kuma sunan ya bi jiki. Zai fito daga gefe a guje, ya je wajen ɗan wasa ya faɗa masa magana, nan take ɗan wasan ya canza wuri. Ya nufi wani, shi ma ya bi umarni. Na ce wannan shi ne kyaftin, shi ya sa aka bambanta masa riga. Har aka tashi ba a ƙwace ƙwallo a ƙafarsa ba, bai yi wa kowa ƙeta ba, ba a kayar da shi ba, rigarsa fes. Irin ɗan wasan da ke buga wasa da ƙwaƙwalwa ke nan. Na rubuta masa maki uku, har na ja layi biyu a ƙasa.

Da jiniyar ƙarshe ta yi ƙara na duba lissafina: mu 20, su 12. Akwai allo can nesa da aka rubuta 6.14 a layinmu da 9.3 a nasu, da wasu lambobi a gaba, amma tabarauna ya yi hazo, na ɗauka lokutan canjin 'yan wasa ne. Na bi jama'a zuwa ɗakin canza kaya ina jin waƙa na tashi daga ɗakin baƙin, har ina cewa a raina Turawan nan akwai tawakkali, an lallasa su suna waƙa. Na tura ƙofar namu da fara'a na ɗaga hannu na ce, "Barkanku da nasara, mazaje!"

Ba wanda ya amsa. Mutum ashirin da wani abu zaune kan benci, kowa ya sunkuyar da kai, ɗakin na warin man zafi da jiƙaƙƙiyar safa. Baba ya jawo ni gefe ya yi ƙasa da murya. In an buga ta da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sanduna ba wanda ya taɓa, maki shida ne. In ta bi ta gefe, ko ta daki doguwar sanda, ko hannun wani ya shafe ta, maki ɗaya ne. Wato a wasan nan ko ka ɓarar ana ba ka ladan ganin ido. Shida sau shida a ƙara goma sha huɗu, 50. Tara sau shida a ƙara uku, 57. An ci mu da bakwai.

Na fara laluben yadda zan cusa takardar a aljihu, sai na ji an zare ta daga hannuna. Kociya ne. Al'adarsu ce a karanta a gaban kowa.

Ya fara daga ƙasa. "Maki ɗaya, lamba 15." Kowa ya juya ya kalli wani saurayi da ke kwance da ƙanƙara ɗaure a idon sawu. Tun minti biyar da farawa aka fito da shi. Mai lamba 15 ɗin da na yaba na baƙin ne, shi ya hana mu sakat. "Maki biyu, lamba 11." Wani ya yi tsaki, wani ya jefe shi da safa. Tutocinsa bakwai duk na gefe ne, biyu ma daga gaban sanduna ya ɓarar. Da ɗaya tak ya saita tsakiya da tazarar ta koma biyu, da biyu ya saita da mu ke waƙa. Shi kansa ya rufe fuska da tawul.

Kociya ya kai layin sama ya yi shiru. Ya kawo takardar kusa da ido, ya nisanta ta. "Maki uku, mai riga ruwan hoda."

Ɗakin da ke kamar gidan makoki ya fashe. Wani ya faɗo daga benci. Mai lamba 30, wanda ashe marin nan shi ne aikinsa kuma ranar ya fi abokin karawarsa nesa ba kusa ba, yana dariya yana dukan bango tun kafin a karanta nasa sharhin. Gwarzon nawa ɗan aiken kociya ne. Aikinsa ya kai saƙo cikin fili ya fito, doka ma ta hana shi taɓa ƙwallo. Mai gyaran famfo ne, ya kusa sittin, kuma ya rantse shekarun da ya yi yana buga wa sahu na biyu ba a taɓa ba shi uku ba. Ya taso ya rungume ni har da ɗaga ni sama.

Saura komawa gida, kuma a motar Baba na zo. Na buɗe gaba na zauna, sai na ji an buɗe baya an shigo. Na waiwaya: jan gashi, jaka mai lamba 7. Jikan Baba ne. Hawan wuyan da na kira rashin tarbiyya shi ne abin da 'yan kallo suka fi so a wasan gaba ɗaya, matuƙar ƙwallon ka nufa kuma ka kama, kuma duk wanda ya cafe bugun da ya yi tafiyar mita 15 bai taɓa ƙasa ba, an ba shi bugun da ba mai taɓa shi. Kociya da bakinsa ya ce yaron ne ya fi kowa ranar.

Mun yi tafiyar minti biyar ba mai magana, sai abin share gilashi ke kai da komo. Can Baba ya yi gyaran murya, ya ce kada in damu, wasan tun 1859 aka rubuta dokokinsa a garin nan kuma har gobe su kansu gardama suke a kansu. Ya ce in na daure zan iya, ai ga Majak Daw, haifaffen Khartum, ya zo yana yaro ya koya har ya buga wa ƙungiyar North Melbourne ta AFL a 2013. Na ce, Baba, tsakanin Kano da Khartum ma tafiya ce mai nisa. Sai yaron ya leƙo ta tsakanin kujeru ya miƙo mini kunnensa, ya ce ga shi, in ja da kaina tunda kakansa ya ƙi.

Asabar ta gaba na ce ba ni da lafiya, Baba ya ce ai iskar fili magani ce. Da muka isa na tarar an manna takardata a bangon ɗakin shan shayi, an rufe ta da leda don kada ta jiƙe. Mai rubuta maki ya dawo. Ni kuma aka ba ni wuƙa da buhun lemo, aka ce in yanka kowane gida huɗu kafin hutun ƙarshe, aka kuma haɗa ni da wata yarinya 'yar shekara tara ta riƙa duba aikina. Ina cikin yanka sai ga mai riga ruwan hoda ya taho a guje yana haki, ya dafa teburin, ya ce kociya ya ce lemon ya yi kaɗan a ƙara. Ya juya zai koma, sai ya tsaya ya waiwayo.

"Aboki, kana dai kallona ko? Yau ma ba a ƙwace ko ɗaya a wajena ba."